Fitila Ba Lagwani: Yadda Kalma Ɗaya Ta Bi Hausawa Daga Aci-bal-bal Zuwa Sola

Idan aka aiki yaro ɗan shekara goma a Kano ko Maraɗi a yau aka ce ya ɗauko fitila, abin da zai kawo wata 'yar roba ce mai caji wadda aka bari a jikin soket tun da rana, in kuwa bai same ta ba sai ya karɓi wayar yayarsa ya kunna ta baya. Da kakarsa aka yi wa wannan aike tana yarinya, da kasko ko gwangwani za ta dawo da shi, an zuba masa man gyaɗa an tsoma murɗaɗɗen tsumma a ciki, tana tafe tana kare harshen wutar da tafin hannu don kada iska ta hure shi. Babu abin da ya haɗa kayan nan biyu wajen ƙira, ko abin da suke ci, ko yadda ake tayar da su, amma Bahaushe bai ga dalilin raba musu suna ba. Wannan zama da kalma guda ta yi daram a kan abubuwan da suka yi ta canza kama cikin shekara ɗari ya cancanci a tsaya a duba shi, domin ta nan ne ake gane abin da mai magana da Hausa yake nufi idan ya ce fitila, da kuma inda iyakarta take tsakaninta da maƙwabtanta uku, wato wuta da haske da ƙwai.

Asalin kalmar Larabci ne, daga "fatila", sai dai a bakin Larabawa fatila lagwani ce kawai. Tushen kalmar yana nufin murɗawa ko tufka, irin yadda ake tufka igiya, saboda haka fatila ita ce zaren da aka murɗa aka tsoma a mai. Duk wanda ya yi karatun allo ya sha bi ta kan 'yar'uwar wannan kalma bai lura ba, domin a Suratun Nisa'i da Suratul Isra'i an faɗi cewa ba za a zalunci kowa ba ko da gwargwadon "fatil", wato siririn zaren nan da ke kwance a tsagin ƙwallon dabino. Abin da muke kira fitila kuwa Larabci yana da sunayensa daban, misbah da siraj. Akwai hadisi a Sahihul Bukhari da ya jera kalmomin kowace a muhallinta, inda aka yi umarni da a kashe fitilu lokacin kwanciya saboda ɓera yana iya jan lagwanin ya ƙone mutanen gida. Kalmar da ta zo ga fitilun jam'in misbah ce, abin da ɓeran yake ja kuwa shi aka kira fatila.

Ke nan Hausa ta ɗauki sunan ɓangare ta laƙaba wa abu gaba ɗayansa, kuma a ganina dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san tsohuwar fitila. Mazubinta kasko ne irin wanda ke kowane gida, man da take sha shi ne dai na ɗakin girki, ko na gyaɗa ko na kaɗe, don haka abu ɗaya tak da ya mayar da kaskon mai ya zama abin haskawa shi ne zaren da aka tsoma a ciki. Wanda ya kira dukan abin da sunan zaren bai yi nisa da gaskiya ba. Turkawa da Farisawa ma sun ari kalmar, amma suka bar ta a kan ma'anarta ta lagwani. Yarabawa kuwa suna cewa fitila da ma'ana irin tamu, abin da ke nuna hanyar da kalmar ta bi zuwa kudu, kamar yadda mu ma muka karɓi ashana daga wurinsu. Su misbah da siraj ba su samu shiga tsakar gida ba, sai suka shiga ta ƙofar raɗin suna, shi ya sa za a tarar da Misbahu da Sirajo a kowace unguwa, alhali ba a taɓa jin wata uwa ta ce a kunna mata siraji ba.

Ta fuskar nahawu kalmar ba ta da wahala. Tamata ce, jam'inta fitilu, kuma ɗafin "-r" da ake liƙa mata a ƙarshe shi ne ya ba ta ikon haihuwa, domin duk sabon abin da ya shigo sai a ce fitilar kaza a wuce: fitilar ƙwai, fitilar gas, fitilar mota, fitilar waya, fitilar sola.

Wadda ta fi tsufa a cikin waɗanda har yanzu ake gani ita ce aci-bal-bal, sunan da aka ciro daga yadda harshen wutarta yake ci a fili yana rawa, babu abin da ya kare shi. A tsofaffin ɗakunan ƙasa magina sukan bar mata gurbi a jikin bango, wanda ake kira alkuki, kuma ana gane shi tun daga bakin ƙofa saboda baƙin hayaƙin da ya hau samansa. Wanda ya taɓa ganin alkuki ba ya bukatar dogon bayani idan mai tafsiri ya iso aya ta 35 a Suratun Nur, inda aka yi misali da gurbi a bango, a cikinsa akwai fitila, fitilar tana cikin gilashi, ana kunna ta da man zaitun. Daga baya kasko ya ba gwangwanin madara da na tumatir wuri, kananzir ya maye gurbin man gyaɗa, aci-bal-bal ta fita daga ɗaki ta koma kan teburin mai tsire da mai shayi da tiren mai ƙosai a bakin titi, inda hayaƙinta ba ya damun kowa.

Abin da ya fitar da ita daga ɗaki shi ne fitilar ƙwai. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka riƙa shigo da kananzir cikin garwa, irin mai cin galan huɗu, tare da fitilun ƙarfe masu gilashi a tsakiya waɗanda iska ba ta kashe su. Garwar da aka juye wa kananzir ita ce ta zama abin ɗiban ruwa, wadda ɗan garuwa yake sayar da ruwa da ita kafin ya koma tura jarkoki a kura. Ita fitilar ƙwai ta zo da hidimarta, kuma hidimar ta zo da kalmominta. Kafin magariba akan sa yaro ya cire ƙwan ya goge shi da toka da tsumma, ya datse bakin lagwanin da ya ƙone, ya tafi kanti da kwalba ya sayo kananzir. Idan lagwani ya yi sama da yawa fitila ta yi hayaƙi ta baƙanta ƙwai, sai a ce ya rage ta, idan baƙo ya shigo a ce ya ƙaro ta. Lokacin kwanciya a wasu gidajen a hure ta, a ɗakin mai jego kuwa a rage ta ƙasa-ƙasa ta kwana tana ci. Ta kai matsayin da ba a cika kayan ɗakin amarya sai da ita, kuma fasa ƙwan fitila laifi ne da yara da yawa suka sha bulala a kansa.

Kalmar ƙwai a nan ita ma ta yi irin tafiyar da fitila ta yi. An kira gilashin da wannan suna ne saboda siffarsa da saurin fashewarsa. Da lantarki ya zo da nasa ɗan gilashin mai kama da ƙwai fiye ma da na farko, sai sunan ya tsallaka kansa ba tare da gardama ba, aka samu ƙwan lantarki. Bayan haka aka samu dogon ƙwai, wanda ko kusa bai yi kama da abin da kaza ke sakawa ba, sannan ƙwai mai murɗe, sannan na yanzu wanda rabinsa roba ce. A kasuwa ana jin gulob, amma ƙwai ne ya fi zama a bakin mutane. Bambancin kawai shi ne a fitilar kananzir ƙwai kariya ne ga wutar, a lantarki kuwa shi ne mai ba da hasken da kansa, shi ya sa ake cewa ƙwai ya mutu ko ya ƙone, maganar da ba ta da ma'ana a zamanin fitilar ƙwai, lokacin da ƙwai fashewa kawai yake yi ko tsagewa.

Inda lamarin ya fi armashi shi ne zuwan lantarki, domin Hausa ba ta ɗauke shi a matsayin sabon abu ba, ta sa shi cikin dangin wuta kai tsaye. Kano ta samu nata tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, shekarar da Nijar ta kafa kamfaninta na lantarki, NIGELEC, a 1972 kuma aka kafa NEPA a Nijeriya, sunan da ya ƙi barin bakin mutane duk da an sauya shi a 2005 an kuma sayar da kamfanonin rarraba wutar a 2013. A duk tsawon wannan lokaci kalmar lantarki a rubutu da labaran rediyo ta fi zama, a gida kuwa wuta ake cewa. An kawo wuta, an ɗauke wuta, an yanke masa wuta, kuɗin wuta, wuta ta ja shi, wutar ba ta da ƙarfi. Aikatau biyun da aka gada daga murhu da aci-bal-bal, wato kunna da kashe, su ne suka bi duk abin da ke amfani da lantarki, har ya zama ana kunna fanka da firiji, abubuwan da aikinsu sanyaya wuri ne, babu kuma wanda yake jin wani baƙon abu a cikin maganar.

Daga nan ne aikin kalmomin ya rabu, kuma jimla guda da ake faɗa a dubban gidaje kowane dare ta isa ta nuna rabuwar: an ɗauke wuta, a kawo fitila. Wuta ita ce abin da ke zuwa daga waje, wanda wani ne yake kawowa yake kuma ɗaukewa, shi ya sa kusan kullum da "an" ake maganarta, ba a ambaton mai aikin. Fitila kuwa kayan gida ce, tana da mai ita, tana da wurin ajiya, ana aronta ana mayarwa. Idan mutum ya shiga ɗaki mai ƙwan lantarki zai iya cewa a kunna wuta, ko a kunna ƙwai, ko a kunna fitila, duka ukun daidai ne, domin a wannan wuri ma'anonin sun haɗu a kan makunni ɗaya. Amma da zarar an fita daga wannan mahaɗa kowace sai ta kama gabanta. Wanda ya ce an ɗauke fitila yana nufin wani ya sa hannu ya tafi da ita, wanda ya ce an kawo ƙwai kuwa sai a tambaye shi na kaza ko na zabi.

Haske shi ne na ukun, kuma shi ne ya fi shan wahala a hannun masu fassara. A Hausa haske shi ne abin da fitila take bayarwa, kamar yadda rana da wata da walƙiya suke bayarwa. Ana ganinsa, yana yawa, yana ƙaranci, yana shigowa ta taga, yana kashe ido, amma ba a kunna shi ba a kuma kashe shi. Turanci yana da kalma ɗaya, wato "light", da ke ɗaukar hasken da abin haskawar har ma da wutar lantarkin a bakin 'yan Nijeriya, sai mai fassara ya ɗauko haske ya dasa duk inda ya ga wannan kalma, a wayi gari ana karanta "kunna haske" a allon waya da takardun bayanin kaya, ko a ji mai talla yana cewa a sayi haske mai amfani da rana. Ana gane abin da ake nufi, amma kunne yana jin cewa maganar ba a Hausa aka fara tunaninta ba. A ra'ayina wannan asara ce, domin a nan Hausa ce ta fi tantancewa, kuma babu dalilin da zai sa harshen da ya raba abubuwa uku da sunaye uku ya koma ya cusa su cikin ɗaya don ya dace da wanda bai raba ba.

Akwai kuma abubuwan da suke haskawa amma ba a ba su sunan, kuma ta wurinsu ne ake ganin iyakar kalmar sosai. Almajiran tsangaya da suke karatun dare a gaban wutar kara ba a cewa suna karatu da fitila. Bakin wuta da mace ta ɗauko daga murhu ta haska hanyar rumbu shi ma ba fitila ba ne. Kyandir yana da lagwani, wato yana da ainihin abin da Balarabe ya kira fatila, amma duk da haka Bahaushe ya bar shi da sunansa na aro, ba kasafai yake kiransa fitila ba. Tocila kuwa, wadda ba ta da lagwani ba ta da mai ba ta da harshen wuta, kowa ya yarda fitila ce, har mai gadi da mafarauci ba sa ma kiranta da wani suna. Abin da na fahimta daga wannan shi ne fitila a tunanin Bahaushe abu ce mai jiki wanda yake saura bayan abincinsa ya ƙare, a sake zuba masa mai ko batir ko caji ya tashi. Kara da kyandir suna ƙarewa tare da wutarsu, shi ya sa ba su cika sharaɗin ba. Wannan ma'auni ne ya ba kalmar damar hawa mota ta zama fitilar gaba, ta hau turakun titi, ta hau goshin mai haƙar rijiya, ko da yake ta mahaɗar titi mai ja da kore ta fi amsa sunan danja.

Ita tocila ta zo da nata ladabin. Haskawa daban, dallewa daban, kuma dalle babba da fitila a fuska rashin kunya ne da ba a yi wa yaro uzuri a kansa. Wanda ya haɗu da mutum a lungu cikin dare ƙasa yake haskawa ya yi sallama.

Cikin shekaru ashirin da suka wuce fitilar ƙwai ta ja baya ƙwarai a birane. Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, ba da jimawa ba aka samu ƙananan wayoyi masu 'yar fitila a ka, irin Nokia 1100 da ta fito a 2003. Ƙananan ƙwayayen nan masu farin haske da ba sa cin wuta, waɗanda mai wat 9 a cikinsu yake haska ɗaki kamar tsohon ƙwai mai wat 60, sun sa batir biyu ko uku suna iya kai gida kwanaki. Kananzir kuma ya yi tsada, musamman bayan an janye tallafinsa a 2016, ga fargabar gurɓatacce wanda aka gauraya da fetur, mai sa fitila ta yi bindiga a hannun mai kunna ta. Kalmar fitila ba ta girgiza da wannan ba, amma aikatau ɗin da ke kewaye da ita sun canza. Yanzu ana sa fitila a caji, ana shanya ta sola a rana kamar wanki, ana cewa ta yi sanyi idan haskenta ya dushe. Hure fitila da datse lagwani da goge ƙwai kuwa suna kan hanyar zama maganar tsofaffi, kuma yaron birni da ya san lagwani a yau mai yiwuwa a jikin risho ya san shi.

A salon magana fitila tana nan da darajarta. Ana kiran malami fitilar al'umma, ana kiran ilimi fitila saboda an riga an kira jahilci duhun kai. Malaman tafsiri da ita suke fassara siraj, ko a inda aka siffanta rana da shi, ko a Suratul Ahzab inda aka kira Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, fitila mai haskakawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya sa wa ɗaya daga littattafansa suna Sirajul Ikhwan, wato fitilar 'yan'uwa. Hausawa Kirista ma da ita suke karanta cewa ido shi ne fitilar jiki. Sai dai wasu daga cikin misalan sun dogara ne da tsohuwar fitila, kuma sun fara neman ƙarin bayani. Masu wa'azi sun daɗe suna kwatanta mai koya wa mutane alheri ya manta da kansa da fitilar da take haska wa jama'a tana ƙona kanta, amma fitila mai caji ba ta ƙona komai, shi ya sa da yawa yanzu sukan ce kyandir don matasa su gane.

Haka nan hadisin kashe fitilu da dare yakan dawo da tambaya a majalisun karatu, inda wani zai ce shin ƙwan lantarki da ake bari a tsakar gida ko ɗakin yara ya shiga cikin umarnin, tun da shi ma fitila muke kiransa. Tambayar ta taso ne daga faɗin da kalmar ta yi a Hausa, amma amsarta ta girmi lantarki da ƙarnoni. Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan Hijira, ya yi bayani a kan fitilun da ake ratayewa a masallatai cewa idan ana jin tsoron gobara daga gare su sun shiga umarnin, idan kuwa an aminta babu laifi a bar su, domin dalilin da hadisin ya ambata shi ne ɓera da lagwani. A kan wannan ne malamai suke gina cewa ƙwan lantarki da fitilar sola ba su shiga ba, amma kyandir da aka dasa a kan akwati, da aci-bal-bal, da garwashin da ake shiga da shi ɗaki lokacin hunturu, duk suna ciki, ko an kira su fitila ko ba a kira su ba.